FARIN TURKEN HAƘORI: SHEKARA NAWA ZAI YI A BAKI?

Duk wanda ya san birnin Abuja a 'yan shekarun nan ya san asibitocin haƙori masu zaman kansu sun yawaita a unguwannin Wuse da Garki da Maitama da Asokoro. Cikin ayyukan da waɗannan asibitoci ke tallatawa, dashen haƙori yana cikin waɗanda suka fi jan hankalin jama'a, yana kuma cikin mafiya tsada. A da, in mutum ya rasa haƙori, ko dai ya haƙura da giɓinsa, ko kuwa a yi masa haƙorin roba wanda zai riƙa sawa da safe yana cirewa da dare. Haƙorin Makka da alhazai ke komowa da shi kuwa, yawanci ado ne ake lulluɓa wa haƙorin da ke nan daram.

Dashen haƙori dabam yake da waɗannan duka. Likita ne zai tsaga dasashi, ya huda ƙashin muƙamuƙi, ya murɗa wani ɗan turke mai kama da ƙusa mai zare a gurbin da saiwar haƙorin take a da. Sai a bar shi kamar wata uku zuwa shida har ƙashi ya kama shi gam, sa'an nan a ɗora masa kan haƙori, wanda ake kira hula. In aikin ya yi kyau, mutum zai ci tuwo da nama da shi tamkar haƙorinsa na asali.

Shekaru da dama da ƙarfe ɗaya ake yin wannan turke, watau titaniyam, mai launin toka-toka. To, amma tun daga farkon shekarun 2000 wani sabon turke ya shigo kasuwar duniya, fari fat kamar haƙori, wanda ake yi da wani abu mai suna zirkoniya. Masu sayar da shi suna cewa babu ƙarfe a cikinsa, ya fi kyan gani, ya kuma fi zama lafiya da dasashi. Tambayar da ta kamaci mai niyyar zuba kuɗinsa ita ce, shekara nawa wannan farin turke zai yi a baki? Amsar da binciken likitoci ya bayar zuwa yanzu tana da daɗin ji, amma tana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan ne ba a cika rubutawa a takardun talla ba.

ILLAR GIƁI

Abubuwa uku ne suka fi raba mutane da haƙoransu: ruɓewar haƙori, wadda jama'a ke kira tsutsa, da ciwon dasashi mai sa haƙori girgiɗa har ya faɗi, da kuma haɗari. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna mutum kusan miliyan 3,500 ne ke fama da ciwon baki ko na haƙori a duniya, kuma cikin waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, kashi 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya. Game da haɗari kuwa, ko da yake an hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja tun 2006, babura suna nan suna jigilar jama'a a garuruwan gefe irin su Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, kuma faɗuwa daga kan babur ta sha raba matasa da haƙoran gaba.

Mutane da yawa suna zaton illar giɓi ba ta wuce ta kunyar yin dariya cikin jama'a ba. Alhali kuwa ƙashin muƙamuƙi yana rayuwa ne da aikin tauna. Da zarar an cire haƙori, sai ƙashin wurin ya soma zaizayewa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak a 2003 ya nuna faɗin ƙashin yakan ragu da kusan rabi cikin shekara guda, kuma yawancin raguwar cikin wata ukun farko take aukuwa. Bugu da ƙari, haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin sukan karkato cikinsa, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa kuma ya zubo.

Haƙorin roba ba ya hana wannan zaizayewa. Akwai kuma wata dabara da ake kira gada, inda za a goge lafiyayyun haƙora biyu na gefen giɓin a rataya musu haƙora uku a haɗe, watau an taɓa lafiyar biyu domin a maye ɗaya. Fifikon turke shi ne yana tsayawa da ƙafarsa, ba ya jingina da kowa.

TSOHUWAR ZUMA

Labarin turken titaniyam ya faro ne daga ƙasar Suwidin. A 1952 wani likita mai suna Per-Ingvar Brånemark yana binciken yadda jini ke gudana cikin ƙashin zomo, sai ya dasa wani ɗan bututun titaniyam a ƙafar zomon domin ya riƙa leƙawa. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne da ƙarfen, ya ƙi rabuwa da shi. Daga nan ya gane jikin mai rai ba ya ƙyamar wannan ƙarfe.

A 1965, a birnin Gothenburg, Brånemark ya kafa turaku huɗu a muƙamuƙin ƙasa na wani mutum mai suna Gösta Larsson. Mutumin nan ya ci abinci da su har ya rasu a 2006, watau shekara 40 da ɗoriya. Sauran likitocin duniya sun daɗe suna shakkar aikin, sai bayan wani babban taro da aka yi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1982 aka karɓe shi hannu bibbiyu.

Tun daga lokacin an kafa miliyoyin turakun titaniyam, an kuma bi sawunsu shekara da shekaru. A Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan an duba turaku 511 bayan sun shekara 10 a baki, aka buga sakamakon a 2012, aka sami kashi 98.8 cikin 100 suna nan. Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike-bincike daga wurare dabam-dabam ya ba da kashi 96.4 cikin 100 bayan shekara 10. Da wannan ma'auni ne za a auna duk wani sabon turke.

Amma titaniyam yana da nasa aibin. In dasashin mutum siriri ne, launin tokar ƙarfen yakan bayyana ta cikinsa kamar inuwa, in kuma dasashin ya ja da baya sai a ga bakin ƙarfen a fili. A haƙoran tauna na can ciki babu wanda zai kula, amma a haƙoran gaba abin yakan dami mai shi. Akwai kuma 'yan ƙalilan da jikinsu ba ya shiri da titaniyam. Likitoci a ƙasar Sifen sun gwada mutum 1,500 a 2008, suka sami 9 kaɗai masu wannan matsala.

MECE CE ZIRKONIYA?

Asalinta wani ma'adini ne mai suna zirkon, wanda ake samu cikin yashi. Mutanen Jos da Bukuru sun daɗe da saninsa, domin yana cikin abubuwan da ke fitowa tare da kuza in ana wanke ta, kuma tulin ƙasar da kamfanonin kuza suka bari a Filato tana ɗauke da shi. Ƙasashen Ostareliya da Afirka ta Kudu su ne kan gaba wajen haƙo shi, Senegal ma ta shiga sahu tun 2014. Wani masanin Jamus, Martin Klaproth, shi ya gano a 1789 cewa akwai wani sabon sinadari cikin wannan dutse, wanda aka sa wa suna zirkoniyam.

Shi zirkoniyam ƙarfe ne. In ya haɗu da iskar oksijin sai ya zama farin gari, shi ne zirkoniya. Kamar yadda tsatsa daga ƙarfe take amma ba ta da halin ƙarfe, haka zirkoniya take. In an matse garin aka gasa shi da wuta mai tsananin zafi sai ya zama tangaran, dangin farantin tangaran da ke cikin ɗakunan mata, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Duwatsun nan masu ƙyalli kamar lu'ulu'u da ake sawa a 'yan kunne da zobba masu araha, su ma wani nau'in zirkoniya ne.

Kowa ya san halin tangaran: yana da tauri, amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Wannan hali ne ya kashe turken tangaran na farko. A tsakiyar shekarun 1970 wani likita a Tübingen ta Jamus, Willi Schulte, ya fito da farin turke na wani tangaran mai suna alumina. Ƙashi ya karɓe shi, amma yawan karyewa ya sa aka daina yin sa.

Abin da ya bambanta zirkoniya shi ne wata baiwa da masana uku a Ostareliya, Garvie da Hannink da Pascoe, suka bayyana a 1975. In tsaga ta soma shiga cikinta, sai ƙananan ƙwayoyin da ke bakin tsagar su sake siffa su kumbura da kamar kashi 4 cikin 100, su matse tsagar su hana ta ci gaba, kamar dai yadda ƙyauren katako ke kumbura da damina ya toshe kafar da ke jikinsa. Domin ƙwayoyin su zauna cikin shirin yin haka, akan gauraya garin da ɗan wani sinadari mai suna itiriya kafin a gasa.

DARASIN KWATANGWALO

Likitocin ƙashi sun riga likitocin haƙori amfani da zirkoniya. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suke yin ƙwallon da ake maye kan ƙashin cinya da shi, inda yake shiga cikin kwatangwalo, har aka dasa wa mutane fiye da 600,000 a duniya. Ana cikin haka sai a 2001 aka ga ƙwallayen wani kamfanin Faransa, Saint-Gobain Desmarquest, suna fashewa a jikin mutane. Kimanin 400 suka fashe cikin ɗan lokaci, dole aka janye su daga kasuwa.

Da aka bincika sai aka tarar kamfanin ya sake irin tandar da yake gasa ƙwallayen ne a 1998. Wannan sauyi ya sa waɗansu rukunoni suka fito da rauni, damshin jiki ya riƙa sa ƙwayoyinsu suna sake siffa da kansu ba tare da wata tsaga ba, har samansu ya yi kaushi ya tsattsage. Masana suna kiran wannan abu tsufan zirkoniya.

Darasin da ke ciki shi ne, ƙarfin zirkoniya yana ga yadda aka sarrafa ta. Turaku biyu za su iya zama farare iri ɗaya a ido, amma ɗaya ya fito daga tanda mai kyau, ɗaya kuwa a'a. Kuma kamar yadda aka sani, baki wuri ne da ba ya rabuwa da damshi dare da rana. Kamfanonin yau sun gyara hanyoyin aikinsu ƙwarai saboda wancan abin da ya faru, amma shi ya sa sunan kamfanin da ya yi turke ba ƙaramin abu ba ne.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Turakun zirkoniya na farko sun shiga kasuwar Turai wajen 2004, kuma ba su zo da sa'a sosai ba. A birnin Munik na Jamus, likita Michael Gahlert da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2012 cewa cikin turaku 170 da suka kafa, 13 sun karye. Abin lura a nan shi ne, 12 daga cikin 13 ɗin sirara ne masu kaurin milimita 3.25. Da aka sake bin sawun irin waɗannan turaku na farko har zuwa shekara 7, rahoton 2016 ya nuna kashi 77.3 cikin 100 ne kaɗai suka tsira. Watau kusan ɗaya cikin huɗu ya tafi.

Matsala ta biyu ita ce santsi. Ƙashi ya fi kama abu mai kaushi, ita kuwa zirkoniya saboda taurinta wuyar kausasawa gare ta, in kuma aka matsa mata sai a raunana ta. Waɗansu likitoci 'yan gida ɗaya masu suna Oliva, a kusa da Barselona ta ƙasar Sifen, sun bi sawun turaku 831 har zuwa shekara 5, suka buga sakamakon a 2010. Gaba ɗaya kashi 95 cikin 100 sun yi nasara, amma waɗanda aka kausasa samansu da ruwan asid sun kai kashi 97.6, waɗanda ba a yi wa haka ba kuwa ba su wuce 93 da 'yan kai ba.

Da kamfanoni suka gyara waɗannan abubuwa biyu, sai lissafi ya sake. Wani nazari na 2018 da ya ware turakun da ke kasuwa a lokacin daga tsofaffin da aka daina yi, ya sami kashi 98.3 cikin 100 suna nan bayan shekara ɗaya, kashi 97.2 bayan shekara biyu. Ƙashin da ke zaizayewa a wuyan turken a shekarar farko bai kai milimita ɗaya ba, daidai da abin da aka saba gani a titaniyam. Manyan kamfanonin duniya ma sun shigo: Straumann ya fito da nasa farin turken a 2014, Nobel Biocare kuma a 2018.

Wani nazari mai faɗi shi ne wanda masana a Jami'ar Malmö ta Suwidin suka buga a ƙarshen 2023. Sun tattara bincike 25 da suka ƙunshi turaku 4,017 a bakin mutum 2,083. Cikinsu 172 sun lalace, 26 ta hanyar karyewa, kuma yawancin masu karyewar sirara ne. Suka ƙiyasta cewa kashi 95.1 cikin 100 za su kai shekara 10.

Wannan adadi ya yi kusa da na titaniyam, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Cikin binciken nan 25, guda 7 ne kaɗai suka bi sawun mutanensu fiye da shekara 5. Watau adadin shekara 10 ƙiyasi ne da aka gina bisa turaku kaɗan, alhali na titaniyam an gan shi da ido a bakin dubban mutane, har ma akwai waɗanda aka bi fiye da shekara 20.

Har ila yau, farin turke iri biyu ne. Akwai mai gaɓa ɗaya, wanda saiwa da wuyan da za a ɗora wa hula suke a haɗe. Akwai kuma mai gaɓa biyu, wanda ake binne saiwar cikin dasashi, in ta warke a ɗaura mata wuya. Yawancin sakamako mai kyau na mai gaɓa ɗaya ne. Amma shi ma yana da wahalarsa, domin wuyansa yana leƙe a baki tun ranar farko, dole a kāre shi daga harshe da tauna har ƙashi ya kama, kuma in likita ya kafa shi a karkace babu yadda za a miƙe shi sai da gugar inji. Nazarin Malmö ya nuna turakun da aka goge da inji ba su kai waɗanda aka bari yadda suke daɗewa ba, haka kuma masu gaɓa biyu ba su kai masu gaɓa ɗaya ba. A Jami'ar Janeba an gwada wani mai gaɓa biyu guda 49, rahoton 2015 ya nuna kashi 87 cikin 100 ne suka tsallake shekarar farko.

Saboda haka ne ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin haƙori na Jamus suka fitar a 2022 ta yarda a yi amfani da mai gaɓa ɗaya a madadin titaniyam, amma game da mai gaɓa biyu ta ce sai an fara bayyana wa majiyyaci cewa shaidar daɗewarsa ba ta taru ba tukuna.

INDA FARIN YA FI

Duk da haka, farin turke yana da wuraren da ya yi zarra. Ga mai siririn dasashi da ya rasa haƙorin gaba, babu inuwar toka da za ta tona masa asiri. Ga wanda gwaji ya tabbatar jikinsa ba ya shiri da titaniyam, ya sami mafita. Dasashi kuma yakan manne masa da kyau.

Akwai ma alamar ƙwayoyin cuta ba su cika manne masa ba. A wani gwaji da aka yi a Italiya a 2004, an sa ƙananan fayafayai na zirkoniya da na titaniyam a bakin mutane har awa 24. Ƙwayoyin cuta suka rufe kashi 12.1 cikin 100 na saman zirkoniya, suka rufe kashi 19.3 na titaniyam. Wannan yana da muhimmanci, domin babban abin da ke kashe turke bayan ya daɗe shi ne kumburin dasashi mai cin ƙashin da ke riƙe da shi. Wani nazari daga Gothenburg a 2015 ya ƙiyasta kashi 22 cikin 100 na masu dashen haƙori suna gamuwa da wannan ciwo. Sai dai gwajin yini ɗaya dabam, shekara goma dabam, kuma likitoci sun riga sun ga wannan ciwo a jikin fararen turaku ma. Wanda bai wanke bakinsa ba, fari da toka-toka duk ɗaya ne a wurinsa.

HALIN DA AKE CIKI A ABUJA

A Nijeriya aikin dashen haƙori bai daɗe da kafuwa ba. Makarantar koyon likitan haƙori ta farko a ƙasar nan an buɗe ta a Jami'ar Legas a 1966, shekara guda bayan an kafa wa Larsson turakunsa, daga baya Ibadan da Ife da Binin suka biyo, sa'an nan Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano a Arewa. Wani bincike da aka buga a 2010 ya tambayi likitocin haƙori 154 a ƙasar nan, biyu kacal suka ce sun taɓa kafa turke. Abubuwa sun ci gaba tun daga lokacin, musamman a Legas da Abuja, amma wannan ya nuna yawancin turakun da aka kafa a gida ba su yi shekaru masu yawa a baki ba, kuma yawancin alƙaluman da aka ambata a sama daga bakin Turawa aka samo su.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin cimar nan ba irin ta can ba ce. Mai farin turke a haƙorin gaba, in ya ci gaba da yagar kilishi da ɓarzar rake da gaigayar goriba da fasa ƙashin kaza ko buɗe murfin kwalba da haƙori, to yana gwada tangaran ne a daidai inda ya fi rauni, watau wajen lanƙwasa. Haka nan mai cizon haƙora cikin barci. Shan taba sigari yana ninka haɗarin lalacewar kowane irin turke kamar sau biyu, ciwon sukarin da ba a kula da shi ba yana hana rauni warkewa, kuma ba a kafa wa yaro turke sai ƙashin fuskarsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko fiye.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata jama'a su gane. Sau da yawa in an ji kalmar zirkoniya a asibitin haƙori, hular ake nufi, watau kan haƙorin da ake gani, amma turken da ke cikin ƙashi na titaniyam ne. Wannan haɗi ya zama ruwan dare a duniya, kuma ba laifi ba ne, hasali ma shi ne zaɓin da ya fi dacewa da mutane da yawa. Laifin shi ne mutum ya biya kuɗi bai san abin da aka kafa masa ba.

Batun kuɗi kuwa, daga waje ake shigo da turakun duka, da Dala ko Yuro ake sayensu, kuma farin ya fi na titaniyam tsada. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Duk wanda turkensa ya lalace, da farashin ranar zai sake wani. Kuma in turke ya karye cikin ƙashi, ba a zare shi kamar ƙaya, sai an yanke ƙashin da ke kewaye da shi, wani lokaci har sai an yi cikon ƙashi an jira watanni kafin a sake kafa wani.

Waɗansu masu hali sukan tafi Dubai ko Masar ko Turkiyya ko Indiya a yi musu aikin cikin 'yan kwanaki su komo. Abin da sukan manta shi ne kowane kamfani da irin sukudirebansa da kayan gyaransa. Bayan shekara biyar, in hula ta kwance ko dasashi ya kumbura, likitan da ke Abuja ba zai iya taɓa turken da bai san sunansa ba, bai kuma da kayansa.

KAFIN A HAU KUJERA

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata mutum ya tabbatar kafin ya yarda a huda masa ƙashi. Ya tabbatar likitan yana da rajista da lasisin aiki daga Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke nan Abuja, ya kuma tambaye shi fararen turaku nawa ya taɓa kafawa, shekara nawa mafi daɗewa cikinsu ya yi. Ya tambayi sunan kamfanin da ya yi turken, da ko hukumar NAFDAC, wadda ke rajistar kayan asibiti, ta san da shi. Ya tambaya ko mai gaɓa ɗaya ne ko biyu, kaurinsa milimita nawa ne, za a goge shi da inji ko ba za a goge ba. In ƙashinsa siriri ne har sai an sa siririn turke, to ya san nan ne farin ya fi karyewa. Ya nemi a ɗauki hoton ƙashin kafin aiki da bayansa, a kuma ba shi takarda mai ɗauke da sunan turken da lambarsa, ya adana ta tare da takardun gidansa. In yana da shakka, akwai sashen haƙori a Asibitin Ƙasa da ke cikin birni da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, inda zai iya jin ra'ayin likita na biyu.

Bayan aiki kuma sai kula. Asuwaki da buroshi suna wanke saman haƙori, amma wuyan turke yana bukatar zare ko ɗan siririn buroshi mai shiga tsakanin haƙora, da komawa wurin likita aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, ko da babu ciwo, domin ciwon da ke cin ƙashin turke yakan yi nisa kafin a ji zafinsa.

A taƙaice, farin turke mai gaɓa ɗaya, mai isasshen kauri, daga sanannen kamfani, a hannun gwanin likita, a bakin mai tsabta, ya nuna yana iya kai wa shekara 5 zuwa 10 kusan kamar titaniyam. Abin da ya wuce haka sai lokaci ya nuna. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma turakun Gösta Larsson sun shekara 40 suna aiki. Fararen turakun manyan kamfanoni kuwa, mafiya tsufa cikinsu ba su daɗe da cika shekara 10 ba, ba za a ga sakamakonsu na shekara 20 ba sai cikin shekarun 2030. Duk wanda aka kafa wa ɗaya a Abuja yau, ya sani yana cikin mutanen da za a duba bakinsu a sami amsar.